Cin Ranin Kaka Tsahara

Jibiya,
9 ga Afrilu, 1974.

Zuwa ga Baffa Bubakar, a Ikko.

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka alhali ba ka san ni ba. Takarda uku na yaga kafin wannan. Ni ce Hajara, 'yar Idi direba, jikar Tsahara wadda ta riƙe ka a Garin Ɗanmaraya, can Nijar, bayan rasuwar mahaifiyarka. Ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata a Katsina, yanzu muna hutu. Adireshinka na gani a bayan wani tsohon ambulan cikin akwatin Baba, kuma bai san na kwafa ba.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Baba kullum yana hanya tsakanin Jibiya da Maraɗi, don tun da yunwar nan ta shigo motar hatsi ba ta hutawa. In ya dawo ko takalmi ba ya iya cirewa sai ya zauna tukuna.

Ban sani ba ko labari ya iso ka. Kaka Lawwali ya rasu bara da damina, daminar da ba ta yi ba. Shanunsu sun ƙare, rijiyar gari ta ƙafe. Kaka Tsahara tana fita takaba Baba ya je ya ɗauko ta, yau wata huɗu tana gidanmu. Tana tari, amma ya fi da sauƙi, don kowace Laraba ina raka ta asibitin sha-ka-tafi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Malam Markus, ma'aikacin shige da fice da muke katanga ɗaya da shi, ya ce an umarce su su rubuta duk waɗanda suka ƙetaro saboda fari. Wanda zai zauna a ba shi kati ya dangwala yatsa, wanda ba shi da kati kuma wata rana ana iya cewa ya koma. Ya kawo wa Baba katin har gida. A samansa an rubuta immigrant. Akwai wani mai kama da shi a teburinsa na bakin shingen iyaka, shi kuma an rubuta emigrant. A makaranta an koya mana cewa na farko mai shigowa ne, na biyu mai fita, har na ci tambayar a jarrabawa. Amma da na buɗe ƙamus sai na ga duka biyun an ce mutum ne da ya bar ƙasarsa don ya zauna a wata.

To, Kaka ba ta yarda zama ta zo ba. Duk wanda ya yi mata barka da tasowa sai ta ce, "Wa ya taso? Ni cin rani na zo. Ruwa na sauka ina gida."

Baba ya ce in cika katin, in gaya mata na asibiti ne, in kama yatsanta in dangwala. Ya ce ba zai mayar da tsohuwa garin da babu ko kaza ba. Na san gaskiya gare shi. Amma ni nake karanta mata duk abin da ke rubuce, ko na jikin kwalbar magani ne, kuma abin da na faɗa shi take ɗauka. Ban taɓa canza mata ko kalma ɗaya ba.

Baba ya sha cewa duk danginmu babu wanda ya kai ka Turanci, har da Turawan jirgin ruwa kake magana. Don Allah, Baffa, a cikin kalmomin nan biyu akwai wadda ta bar wa mutum hanyar komawa gida? In akwai, sai in faɗa mata ba tare da na yi ƙarya ba. Malam Markus zai aika katunan Katsina a ƙarshen watan Mayu.

Kaka tana yawan ambatonka. Na sake neman gafara in na yi rashin kunya.

'Yarka,
Hajara Idi.

*

Apapa, Ikko,
14 ga Mayu, 1974.

'Yata Hajara,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta kwana uku a tsohon ofishinmu, ta yi mako uku a aljihun masinja, jiya ta iso teburina. Babu abin neman gafara. Rubutunki ya fi na akawuna biyu da ke ƙarƙashina tsabta.

Allah ya ji ƙan Baba Lawwali, ya sa ya huta. Ban ji ba sai a takardarki. Ki yi wa Inna ta'aziyya, ki ce ina nan tafe in na samu hutu.

Muna lafiya, in ban da gajiya. Jirage sun yi layi a bakin ruwa, kowanne da kayansa, kowane mai kaya yana ganin ni na hana a sauke masa. Ina barin gida kafin rana ta fito, in yi awa biyu cikin cunkoson mota a tafiyar da ba ta kai daga Jibiya zuwa Riko ba. Kowa yana cewa ƙasa ta yi arziki. Ni dai takardu na ga sun yi yawa.

Game da tambayarki, abu ne mai sauƙi, kuma manya ma suna rikicewa. Kalmomin biyu mutum ɗaya suke nufi, wurin da mai magana ya tsaya ne ya bambanta. Wanda ya tsaya a Maraɗi yana kallon bayan Inna zai ce emigrant. Wanda ya tsaya a Jibiya yana kallon fuskarta zai ce immigrant. Tun da a Jibiya kuke, katin da Markus ya kawo shi ne daidai, bai yi kuskure ba. Ki cika shi da manyan baƙaƙe, kada ki goge ko'ina, don ma'aikata ba sa son kati mai gogewa. Ki riƙe wannan bayani, yana iya fitowa a jarrabawarku ta fita.

Na rubuta wa Idi yau ɗin nan, na yaba masa hankalinki da yadda kika nemo ni. Na ce masa in tarin bai tafi ba ya sa Inna a jirgin ƙasa daga Kano, akwai manyan likitoci a nan.

Ga biro biyu na saka miki. Ki dage da karatu.

Baffanki,
Bubakar.

*

Katsina,
28 ga Mayu, 1974.

Zuwa ga Baffa Bubakar,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga takarda, na ga biro, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Da ɗayan nake rubutun nan. Mun koma makaranta, ina lafiya. Kaka tana nan yadda take, tarin yana tafiya yana dawowa.

Baffa, ina jin ban iya tsara maganata ba a waccan takardar. Ba wanne ne shiga wanne ne fita na tambaya ba.

Takardar da ka rubuta wa Baba ta riga tawa isowa. Ranar Asabar ya tsaya da mota a ƙofar makaranta ya nemi izini ya tafi da ni gida. Muka kama hanyar Jibiya. Sai da muka tsaya ya kashe mota ya ce, "Wato ni ban isa da gidana ba, sai an kai ƙarata Ikko." Bai daka mini tsawa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Akwai abin da ban gaya maka ba, don na ɗauka ƙaramin abu ne. Kaka ta zo da ƙunshi ɗaya da ba ta bari kowa ya taɓa. Ranar Lahadi Innata tana sharar ɗaki ta kwance shi, sai ga zangarniyar gero guda tara, sun yi baƙi da hayaƙi. Ta ce, "Ashe da gero a ɗakin nan, bari in surfa miki a yi kunu." Ban taɓa ganin Kaka ta tashi da sauri haka ba. Ta ƙwace ta rungume, ta ce, "Ke ɗiyar nan, iri ne! Lawwali ya mutu da yunwa wanga abu na rataye bisa kainai, bai ce a sauko da shi ba. Ke ce za ki dama shi?"

Baba ya ce to ta kawo a shuka a gonarsa ta hanyar Bugaje, gero ai gero ne. Ta ce wannan bai san ƙasar Bugaje ba. Daga nan ta faɗi abin da ban sani ba. Ashe a garinsu gonar da damina ta wuce ba a sa mata iri ba, mai gari yana ba wani ya noma, kuma wanda ya noma shekara biyu ba a iya tashinsa. Kabarin Kaka Lawwali yana gefen gonar, gindin aduwa. Ta ce ba za a ce tana da rai wani ya riƙa ɗaure jakinsa a wurin ba.

Baba ya ce, "Inna, da wane ƙarfi za ki yi shuka? Tsakar gidan nan ma sai kin huta sau biyu kike ƙetarewa."

Ta ce, "Da diddigen da na haife ka ina shuka da shi."

Da la'asar na isar mata da ta'aziyyarka, na ce ka ce kana tafe in ka samu hutu. Na daɗe ina tunanin ko in rubuta amsarta. Dariya ta yi har tari ya kama ta, ta ce, "Bubakar? Wanda ya ce in aje mishi hura, yana dawowa hutun lakwal, in an tashi makaranta? Ki ce mishi ta yi tsami." Maganar jirgin ƙasa kuwa ban ma kai ƙarshenta ba ta ɗaga mini hannu.

Na cika katin kamar yadda ka ce, da manyan baƙaƙe, ban goge ko'ina ba. Saura yatsa. Baba ya ajiye shi a saman rediyo tare da tawadar da ya aro. Malam Markus ya ce zai riƙe nasa aikin zuwa tsakiyar Yuni saboda maƙwabtaka, bayan nan ba shi da iko. Za a ba mu hutun rabin zango ranar sha huɗu, kuma Baba ya ce ranar nan za a gama.

Ba na iya karatu. Jiya malama ta kira sunana sau biyu ban ji ba. In na faɗa mata gaskiya za ta tafi, kuma ban san abin da za ta ci ba kafin gero ya nuna. In na ɓoye, za ta zauna ta sha magani, amma ni na kama yatsanta. Tambayata tana nan yadda take, Baffa. Akwai komawa a cikin kalmar ko babu?

'Yarka,
Hajara.

*

Apapa,
11 ga Yuni, 1974.

Hajara,

Na karanta takardarki a tsaye, na koma na zauna na sake karantawa. Sannan na nemo ta farko na ga tambayar tana nan ƙuru-ƙuru, ni ne na karanta ta kamar takardar ofis, ina neman layin da zan amsa in wuce. Ki yafe mini. Abin da na jawo miki wurin Idi ma laifina ne.

Amsar ita ce babu. Duka biyun an yi su ne don wanda ya tafi ke nan. Turawan da suka yi kalmomin jirgin ruwa suke shiga su bar gida, ba su san mutum ya rufe ɗakinsa da kara bayan girbi ya dawo da ruwan farko ba. Na duba babban ƙamus na ofis ko zan samo miki wata kalma da ta yi daidai da cin rani. Waɗanda na samu ba za su shiga katin Markus ba.

Zangarniyar nan na san ta. Kafin a fara girbi Inna takan zaga gona ita kaɗai, ta zaɓi waɗanda suka fi cika, ta rataye su saman murhu. Wata shekara da fara ta cinye mana gona na hau turmi na saci ɗaya na murje na tauna. Ranar ce kaɗai ta taɓa dukana, tana duka tana kuka.

Shekarata goma aka kawo ni makaranta wannan ƙasar. Na ce mata ina dawowa hutu. Yau shekara ashirin da shida. Kullum akwai dalili, kuma kowane dalili na gaskiya ne. Na yi miki bayanin mai kallon baya da mai kallon fuska kamar malami, ban tuna ba cewa ita bayana kawai ta gani.

Kada ki kama yatsanta. Ki karanta mata katin kamar yadda kike karanta kwalbar magani, in ta dangwala da kanta to, in ta ƙi a bar ta. Ki nuna wa Idi wannan takarda, fushin ya dawo kaina. Na san abin da yake tsoro, ni ma shi nake tsoro.

Na sake neman hutu jiya. Shugabana ya nuna mini jirage ta taga. Kada ki ƙara ce mata ina tafe.

Bubakar.

*

Katsina,
2 ga Yuli, 1974.

Zuwa ga Baffa Bubakar,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Takardarka ta same ni a makaranta ranar ashirin da biyar ga Yuni, bayan komai ya wuce. Duk da haka na ji daɗinta, na karanta ta ya fi sau biyar.

Ranar Juma'ar da na je gida Baba ya miƙo mini katin da tawada ya fita masallaci. Na zauna kusa da Kaka. Ta ce, "To Malama, mi anka rubuta?" Na buɗe baki in ce na asibiti ne, sai na ji ina karanta mata yadda yake. Na ce an rubuta ta bar ƙasarta ta zo zama. Ta kalli yatsanta ta sa shi ƙarƙashin zane, shi ke nan. Da Baba ya dawo ya ga wurin yatsa fari, ya kalle ni, ya mayar da katin saman rediyo.

Ranar Lahadi da la'asar, kasuwa tana ci, hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya sauka har kwata ta cika. 'Yan kasuwa suna ta gudu da buhuna, Kaka kuwa tana bakin ƙofa ta miƙa hannu tana tara.

Da safe Baba ya fito zai ɗauki masara zuwa Maraɗi, ya tarar da ita zaune a gaban mota da ƙunshinta a cinya. Yadda ta hau ita kaɗai har yau ba mu sani ba. Ya tsaya riƙe da ƙofa ya ce, "Inna, sauko." Ta ce, "In ba ka kai ni, kamyon Nijar, babbar motar kaya, na nan bakin tasha." Sannan ya koma cikin gida ya fito da buhun dawa na gidanmu a kafaɗa, da kwalaben maganinta, ya ce mini, "Ke kuma da kika iya gaskiya, hau ki riƙe ta kada ta faɗo."

A shingen Magama Malam Markus ya leƙo ta taga da katunansa biyu a hannu. Idonsa ja, ya ce mako guda ke nan yana rubuta mutane. Ya ce, "Mama, wanne zan ba ki? Ba ki karɓi na shigowa ba, ga shi kuma kina fita."

Ta ce, "Rubuta ta ci rani ta koma."

Ya ce, "Ba ni da katin wannan, Mama."

Ta ce, "To ɗaga icen."

Ya yi dariya, ya mayar da katunan aljihu, ya ɗaga.

Gida bakwai muka tarar da mutane a Garin Ɗanmaraya, sauran a rufe. Can ma an yi ruwan. Ba ta shiga ɗaki ba, gona ta nufa. Baba ya ari sungumi yana sara, ita tana binsa tana jefa iri tana rufewa da diddige. Layi huɗu ta yi ta zauna gindin aduwar tana haki. Ni da Baba muka ƙarasa. Ban taɓa shuka ba, tana daga zaune tana cewa 'yar boko tana binne gero kamar mai binne gawa. Irin bai kai rabin gonar ba, amma mai gari ya zo ya gani da idonsa.

Mun bar ta wurin Talatu, matar maƙwabcinsu, wadda ta ce za ta riƙa kwana da ita. Na nuna wa Talatu maganin, na ɗaura zare ja a na safe, baƙi a na yamma, tun da babu mai karantawa. A hanyar dawowa, da muka wuce duwan na Ɗan Isa, wato shingen kwastan, Baba ya dube ni. Ya ce, "In wani abu ya same ta, ni da ke ne." Na ce to. Har yanzu iyakar maganarmu ke nan, amma da zai mayar da ni makaranta ya tsaya ya saya mini rake. Ban nuna masa takardarka ba tukuna.

Baffa, zangarniya takwas ta murje. Ta tara ta ba ni, ta ce in aika wa Bubakar. Na ce ba ta shiga ambulan, ta ce in murje. Shi ne abin da za ka ji yana motsi a ƙasan takardar nan, na naɗe shi a 'yar leda. Na ce mata Ikko babu gona. Ta ce, "Na sani. Ki ce mishi ba na ci ba ne, kuma ya san inda aka shuka shi."

Baba zai bi ta garin ranar Alhamis mai zuwa. In ka yarda, ina neman izini in sake rubuto maka in gaya maka ko geron ya tsiro, da yadda ya same ta.

'Yarka,
Hajara Idi.